DARASIN WATA: Minti 15 Kowace Yamma Domin 'Ya'yanmu Masu Koyon Turanci

Manufar darasi

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan 'ya'yanmu 'yan makaranta ne. Za mu ga yadda ɗan gajeren darasi na minti 15, idan ana yinsa kowace yamma, yakan fi dogon zama na sa'a uku da ake yi jefi-jefi. Za mu ga kuma yadda ƙungiyar gama kai za ta iya shirya wannan aiki ba tare da kashe kuɗi ba, ko da iyayen yaran ba su jin Turanci. Sai mutum ɗaya ya karanta wa jama'a da ƙarfi a wurin taro, a riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi domin a yi tambaya.

1. Me ya sa abin ya shafe mu?

Tun da aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a shekarar 1976, yaran ƙauye suka cika makarantu. Tsarin ilmi na ƙasa na shekarar 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen da ake ji a yankinsu, daga baya a koma Turanci. An sha sake wannan tsari tun daga lokacin, amma manyan jarrabawa ba su sake harshe ba. Da Turanci ake rubuta tambayoyin lissafi, da na kimiyya, da na aikin gona a jarrabawar WAEC da ta NECO. Wanda bai ci Turanci da kyau ba, ƙofar jami'a takan rufe masa, ko da ya ci sauran darussa. A jarrabawar JAMB kuwa Turanci dole ne ga kowa.

Yaron birni yana jin Turanci a titi da kanti da talabijin. Namu kuwa, da zarar an tashi daga makaranta, ba zai sāke jin kalma ɗaya ba sai gobe. A aji mai yara sittin ko fiye, yaro yana iya yin mako guda bai buɗe baki ya faɗi jimla ɗaya ba. Sai ya kai aji shida yana kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma bai san abin da ya rubuta ba. Mu kuwa sai mu ce ba shi da kai. Sau da yawa kan yana nan lafiya lau, harshen ne ya tare masa hanya.

Abin ya shafi ƙungiya ita ma. Takardar neman rance, da rasit na banki, da rubutun da ke jikin buhun iri da kwalbar maganin feshi, galibi da Turanci suke zuwa. Yaran da ke aji huɗu yau, su ne magatakarda da ma'aji na gobe.

2. Yadda mantuwa take aiki

Kowane manomi ya san ba a juye wa masara takin yuriya duka a rana ɗaya. Ruwa zai wanke wani, wani ya bi iska, wani ma ya ƙone shuka. Shi ya sa malaman gona suke cewa a raba taki kashi-kashi, a ba shuka daidai abin da za ta iya ɗauka. Kan yaro ma akwai iyakar abin da yake iya ɗauka a zama ɗaya.

Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kansa, ya buga sakamakon a shekarar 1885. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage masa. Ya tarar cewa bayan sa'a ɗaya fiye da rabin wahalar da ya sha ta tafi a banza. Bayan kwana ɗaya kuwa wajen kashi biyu cikin uku sun tafi. Watau mantuwa ta fi gudu a farko, daga baya ta rage sauri. Ya kuma gano wani abu mai amfani ƙwarai: maimaitawa sau 38 da aka raba cikin kwana uku ta yi daidai da maimaitawa sau 68 a rana ɗaya. Aikin ya ragu kusan rabi, don kawai an raba shi.

Akwai abu na biyu. A shekarar 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani ɗan rubutu su karanta. Waɗansu aka ce su sāke karantawa. Waɗansu kuma aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu sāke karatu ne a gaba. Amma da aka gwada su bayan mako ɗaya, waɗanda suka yi ƙoƙarin tunowa da kansu suka wuce su nesa.

Daga nan muna da ƙa'ida uku. A koyar da abu kaɗan. A komo kansa gobe, da jibi, da mako mai zuwa. A bar yaro ya lalubo amsa daga kansa kafin a nuna masa.

An riga an gwada gajerun darussa a kan jama'a masu yawa. A ƙasar Bangaladash, a shekarar 2009, BBC ta buɗe wani shiri mai suna Janala. Mutum yakan buga wata lamba a wayar hannu, ya saurari darasin Turanci na minti uku. Miliyoyin mutane suka yi amfani da shi, gama minti uku ba su hana kowa neman abincinsa.

3. Yadda ake raba minti 15

Ga tsarin zama ɗaya. A riƙe shi kullum ba canji, domin yara sukan saki jiki idan sun san abin da zai biyo baya.

*Minti 3 na fari: tuna baya.* A tambayi yara abin da aka koya jiya. Kada mai koyarwa ya yi saurin ba da amsa. Ya ƙirga biyar a zuciyarsa tukuna.

*Minti 5: sabon abu.* Kalma biyar, ko kuwa jimla ɗaya, ba ƙari. A nuna abin a fili idan zai yiwu. Idan kalmar "hoe" ce, a ɗauko fartanya. Idan "goat" ce, ga akuya can a turke. A faɗi ma'anar da Hausa ko da harshen gida sau ɗaya, a wuce.

*Minti 5: yara su yi magana.* A haɗa su biyu-biyu, wannan ya tambayi wancan, sa'an nan su juya. A nan bakin mai koyarwa ya huta. Idan shi ne ya fi kowa magana, darasin bai yi ba.

*Minti 2 na ƙarshe: rubutu.* Kowa ya rubuta kalmomin ranar ba tare da duba allo ba, sa'an nan ya duba ya gyara da kansa.

Ga misali. A ce darasin yau jimla ɗaya ce ta tambayar kuɗin kaya.

Mai koyarwa ya ɗaga ƙwai: "How much is this egg?"
Yara su maimaita sau uku.
Ya ɗaga kofi, ya yi shiru.
Yara da kansu: "How much is this cup?"
Ya ɗaga littafi, sa'an nan fensir, sa'an nan tsintsiya.

Kun ga jimla ɗaya ta haifi biyar. Gobe a koyi amsa. Jibi a shirya 'yar kasuwa a tsakar gida, wani ya zama mai saye, wani mai sayarwa.

Da minti 15 sun cika, a tashi, ko da yara suna roƙon a ci gaba. Yaron da ya tashi da sauran marmari, shi ne zai riga kowa zuwa gobe.

4. Gwangwani uku

Ta yaya za a san kalmar da ta isa a komo kanta? Wani Bajamushe kuma, Sebastian Leitner, ya bayyana wata dabara mai sauƙi a shekarar 1972, ta akwati mai ɗakuna da 'yan katuna. Mu za mu yi tamu da gwangwanin madara ko na tumatir guda uku, a wanke su sarai, a danne bakinsu don kada su yanki yaro. Faɗakarwa: kada a kuskura a yi amfani da gwangwani ko kwalbar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki.

A yanka kwalin sukari ko na shayi ƙanana-ƙanana, kamar girman kwalin ashana. A gefe ɗaya a rubuta kalmar Turanci, a bayansa a rubuta ma'anarta ko a zana hotonta. A rubuta 1, 2, 3 a jikin gwangwanayen.

* Kowane sabon kati yana shiga gwangwani na 1. Ana duba wannan kullum.
* Idan yaro ya ba da amsa daidai, katin ya wuce na 2. Ana duba wannan ran Litinin da ran Alhamis.
* Idan ya sāke cin sa a can, katin ya wuce na 3. Ana duba wannan ran Jumma'a kaɗai.
* Duk katin da ya manta, ko daga ina yake, ya koma na 1. Ba faɗa, ba duka.
* Katin da ya yi wata guda a na 3 ba kuskure, a ɗaure shi da zare a ajiye, a fito da shi a ƙarshen zango.

Amfanin wannan shi ne, lokaci yana tafiya a kan kalmomin da ke ba yaro wahala. Waɗanda ya riga ya sani ba su cinye masa minti. Uwa wadda ta iya karatun Hausa kaɗai ma tana iya riƙe kati, ta karanta gefen Hausa, yaro ya faɗi Turancin, sa'an nan ya juya katin su duba tare. Tana iya yin haka tana gyaran wake.

5. Me za a koyar?

Kalmomin Turanci dubbai ne, amma ba duka ake bukata da fari ba. A shekarar 1953 wani malami Bature mai suna Michael West ya buga jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda aka fi amfani da su. Masana sun ƙiyasta cewa irin waɗannan kalmomi su ne kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da mutum zai tarar a rubutu na yau da kullum.

Bari mu yi lissafi. Kalma 5 a rana, kwana 4 a mako, ran Jumma'a kuwa ta bita ce, ya zama kalma 20 a mako. A mako 40, kalma 800. A shekara biyu da rabi, 2,000. Lokacin da aka kashe a shekara kuwa bai wuce sa'a 50 ba. Gaskiyar masu magana, da yayyafi kogi kan cika.

A zaɓi kalmomi daga wuri biyu: littafin da yaro yake karantawa a aji, da kuma abin da yake gani a gida. Ga shawarar wata na fari:

*Mako na 1:* gaisuwa da kayan gida. A fara da kalmomin da Hausa ta aro, domin yaro ya ga ashe ya riga ya san wani abu: tebur da "table", bokiti da "bucket", burodi da "bread", famfo da "pump", tarakta da "tractor".

*Mako na 2:* ƙidaya da kuɗi.

*Mako na 3:* kalmomin umarni na jarrabawa, irin su "add", "subtract", "underline", "choose", "explain", "list". Yara da yawa sun san amsa, amma ba su gane abin da aka ce su yi ba.

*Mako na 4:* kalmomin da ke jikin kayan gona, irin su "poison", "danger", "mix", "litre", "expiry date". Babba ne zai kwafo su a kati. Yaro kada ya taɓa kwalbar. A kan yawan maganin da za a zuba kuwa, har yanzu malamin gona za a tambaya.

6. Wuraren da mai jin Hausa yakan yi tuntuɓe

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa darasin yamma ɗaya. Kada a haɗa biyu a rana.

(a) *P da F.* A Hausa ba mu raba su, shi ya sa "passenger" ta zama fasinja. A Turanci kuwa "pan" dabam, "fan" dabam, haka "pull" da "full". Wajen faɗin P, leɓuna su haɗu su fashe. Wajen faɗin F, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. A sa yara su dubi bakin juna.

(b) *B da V.* Haka nan "ban" da "van", da "best" da "vest".

(c) *TH.* A sa kan harshe tsakanin haƙora. A gwada "tin" da "thin", da "tree" da "three".

(d) *Baƙaƙe a jere.* Bakinmu ya saba sa wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa "brake" ta zama burki. A koyi "school", "class", "bread" a hankali, ba tare da cusa wasali ba.

(e) *Goma sha da gomiya.* "Fifteen" 15 ce, "fifty" 50 ce. A ta fari ana jan ƙarshen kalma, a ta biyu ana danna farkonta. Buhun takin NPK malami ne mai kyau a nan, gama ga 15 har sau uku a jikinsa, ga kuma kilo 50. Wannan kuskure yakan jawo hasarar kuɗi a ciniki.

(f) *Abu marar rai.* A Hausa kujera "ita" ce, tebur "shi" ne. A Turanci dukansu "it" ne.

(g) *Kalma ɗaya tamu, da yawa tasu.* Mu "aro" muke cewa, su kuwa mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". 'Yan ƙungiyar da ke ba da rance ya kamata su riƙe wannan. Haka "ji": mukan ji magana, mu ji sanyi, mu ji ƙanshi, amma su "hear", "feel", "smell" suke cewa.

7. Aikin ƙungiya

*Wa zai koyar?* Ba sai malami mai takardar shaida ba. Ɗan sakandare, ko wadda ta gama makaranta tana gida, ko malamin da ya yi ritaya, kowannensu ya isa. Ɗalibin da ke koya wa ƙannensa shi ma nasa Turancin yana ƙaruwa. A nemi mutum biyu domin idan ɗaya ya yi tafiya kada aiki ya tsaya. Idan mai koyarwa yana shakkar yadda ake faɗin kalma, ya tambayi malamin makaranta tun da rana, ko ya saurara a wayar wani mai ƙamus mai murya.

*Yara nawa?* Kada su wuce goma a rukuni ɗaya. A raba su bisa ga abin da suka iya. Ajin da yaro yake ba kullum yake nuna iyawarsa ba.

*Ina, kuma yaushe?* Ɗakin sujada yana da benci da allo, galibi kuwa a rufe yake da yamma a tsakiyar mako. A nemi izinin dattawa. Ƙofa a buɗe take ga kowane yaro na gari, ko 'ya'yan wane ne. A tsai da lokaci ɗaya da kowa ya sani, kafin duhu ya yi.

*'Yan mata fa?* Yamma ita ce lokacin ɗebo ruwa da hura wuta da wanke-wanke, shi ya sa su ne za su fara ɓacewa daga darasi. Zumuntar mata ta ɗauki wannan a wuyanta. Babu tuwon da zai lalace domin an saki yarinya minti 15.

*Da damina da kaka?* A nan ne gajeren darasi ya fi nuna amfaninsa. Ran da aiki ya yi yawa, a bar sabon abu, a duba gwangwani na 1 kawai, minti biyar a gindin itace lokacin hutu. Abin da za a guje wa shi ne a yanke gaba ɗaya na wata biyu.

*Dangantaka da makaranta.* Wannan aiki taimako ne ga malamin aji. Shugaban ƙungiya ya je ya gai da hedimasta, ya gaya masa abin da ake yi, ya roƙi malamai su riƙa aiko da kalmomin mako.

*Harshenmu fa?* Kada wani ya hana yaro yin Hausa ko harshen kakanninsa a gida da sunan gyara Turanci. A Ile-Ife, daga shekarar 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara da Yarabanci dukan shekara shida na firamare, Turanci kuwa aka ba shi nasa lokaci a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji ya riga ya san yadda baƙi da wasali suke haɗuwa. Idan an sami wanda bai iya karatun Hausa ba tukuna, a fara masa da wannan.

8. Abubuwan da sukan kashe aikin

* Tsawaita lokaci. Minti 15 ta zama 40, yara su gaji, su daina zuwa.
* Yawan kalmomi. Ashirin a rana ɗaya, gobe ba ko ɗaya.
* Rera amsa baki ɗaya kullum. A cikin taro yaron da bai sani ba yakan ɓuya. A riƙa tambaya ɗai-ɗai.
* Bulala da dariya. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya zai kulle bakinsa wata guda.
* Rashin rubuta abin da aka koyar. A ajiye ɗan littafi mai kwanan wata, da kalmomin ranar, da sunayen waɗanda suka zo.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne 'yan aji uku zuwa shida a gidajen 'yan ƙungiyarmu?
2. Ƙa'idodi uku na kashi na 2, wa zai iya faɗinsu ba tare da duba takarda ba?
3. Su wane ne mutum biyu da za mu roƙa su koyar? Da me za mu nuna musu godiya a lokacin kaka?
4. Wane lokaci ne zai yi wa 'yan mata daidai a garinmu?
5. Wace takarda ce ta Turanci ta taɓa ba ƙungiyarmu wahala? Waɗanne kalmomi za mu ɗauko daga cikinta?

Aikin wannan wata

Kafin taro mai zuwa, kowane gida ya tanadi gwangwani uku da kati ashirin. A ranar farko mai koyarwa ya gwada kowane yaro da kalma ashirin daga littafin ajinsa, ya rubuta adadin da ya sani. Bayan mako huɗu a sāke gwada shi da kalmomin nan. Magatakarda ya kawo lambobin biyu wurin taro a karanta wa iyaye, sa'an nan ƙungiya ta shirya kalmomin wata na biyu.